Fasfona a Durowar Lauyan Gwamnati

Akwai mutum biyu da har yau in na tuna su ina cikin cin abinci sai in tsame hannuna. Ɗaya tsohon ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu ne, ɗayan kuma lauyan gwamnatin da ya gurfanar da shi a kotu. Mutane suna zaton ciyaman na fi tsana, amma ba haka ba ne. Shi ɓarawo ne, kuma bai taɓa ce mini shi waliyyi ne ba. Lauyan ne na kasa yafe wa.

Na daɗe a Riyad. Motar kaya nake ja a wani sito da ke Birnin Masana'antu na Biyu, ina kwana a Shumaisi, ɗaki ɗaya mu huɗu. Ba ni da ilimi mai zurfi, ba ni da abin hannu. Abu ɗaya nake da shi a cikin Hausawan unguwar: in na ce na gani, an yarda na gani. In mutum biyu sun yi faɗa za a sasanta su, ko wani zai bar wasiyya kafin a shiga da shi tiyata, ko za a ɗaura aure a gida ango yana nan, sai ka ji an ce, "A kira direba ya ji da kunnensa." Ina ji da wannan fiye da yadda nake nunawa.

Kafin in zo ƙasar nan, ni direban babbar motar ƙaramar hukuma ne. Wata shekara, dab da faɗuwar damina, aka loda mini takin zamanin da gwamnati ta aiko a raba wa manoma, aka ce in bi wata ƙaramar mota. Na bi ta har gonar ciyaman da ke bayan gari. Da rana tsaka ne, ba wani ɓoye-ɓoye. Shi da kansa yana tsaye, an riƙe masa lema, yana nuna inda za a jibge buhunan. A shekarar geron babana iya gwiwa ya tsaya, ganyensa ya koma ruwan ɗorawa. Ba a jima ba bizata ta fito, na taho da abin a cikina.

Da gwamnati ta sauya aka kama ciyaman. Wata rana ina bakin sito ana loda mini kwalaye sai ga kira daga gida. Mai maganar ya ce shi lauyan gwamnati ne, an ba shi labarin ni na kai takin, yana so in zo in ba da shaida. Ban yi wani dogon tunani ba. Na je wurin kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana, take ƙarƙashinsa, na roƙi izinin fita da dawowa.

"Lesh? Don me? Wani ya rasu?" in ji shi.

Na amsa da sunan da muke kiran maigida a nan, "A'a, mudir. Shaida zan bayar a kotu."

Ya dube ni, ya ce shaida amana ce, in je in dawo lafiya, ya sa hannu.

Ofishin lauyan sai ƙamshin turare, ga carbi a hannunsa ba ya ajiyewa. Ya tarbe ni da "Alhaji, Alhaji," har da sa a kawo mini lemo. Na ba shi labari tiryan-tiryan, sakatarensa ya buga da Turanci aka miƙo mini in sa hannu. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma kwanan wata ba ya ɓace wa direba. Da na ga ranar da suka rubuta sai na ajiye biron.

"Ranka ya daɗe, an yi kuskure. Wannan ranar ina Riyad, ina koyon hanyar sito."

Na zaro fasfona na nuna masa hatimin fita da na shiga. Ya daɗe yana kallon shafin, carbin ya tsaya. Sannan ya yi mini bayani. Ashe sau biyu aka karkatar da takin. Takardar fitar da kayan farko, wanda ni na kai, ta yi ɓatan dabo. Ta kaya na biyu ce a hannunsa, shi kuwa direban da ya kai na biyun ya ƙi buɗe baki. Wato yana da takarda ba shaida, yana da shaida ba takarda, shi ne ya ga ya haɗa mu aure.

Ya ba sakatare fasfon ya yi kwafi. Ina kallo lauyan ya ninke kwafin, ya jefa a durowar ƙasa, ya murɗa makulli ya sa a aljihu.

"Alhaji, ka kai takin ko ba ka kai ba?"

"Na kai."

"Ka gan shi a gonar ko ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi."

"To shi ke nan. Maganar rana aikin lauyoyi ce, ka bar mana. Ko so kake ya fita ya ci gaba da yi wa talakawa dariya?"

Na sa hannu. Ba zan ce an ɗora mini bindiga ba.

Ranar shari'a na yi alwala, na dafa Alƙur'ani. Lauyan ya karanto tambayar da sauri, tafinta ya juyo mini ita da Hausa, har da ranar. Na ji ranar sarai. Na ɗaga kai na ga ciyaman a tsaye cikin akwatin masu laifi, ya sha shadda, yana yi wa magoya bayansa murmushi kamar a wurin suna. Geron babana ya faɗo mini a rai. Na ce, "E, na kai." Wannan kalmar daga bakina ta fito, kuma na san zan amsa ta a gaban Allah. Ban taɓa ɗora wa kowa ita ba. Amma wanda ya san doka, aka ba shi amanarta, ya ga fasfona da idonsa sannan ya tura ni in rantse, shi ma yana da tasa amsar.

Aka ɗaure ciyaman. Na dawo Shumaisi kamar wanda ya ci yaƙi. Abokin kwanana, wani mutumin Maraɗi mai share-share a wani dogon bene da ke Ulaya, shi ya sayo kaji ya dafa mana kabsa, shinkafar Larabawa. Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya da shi, in na yi zazzaɓi shi yake dama mini kunu. Yana ta faɗa wa mutane, "Kun gan shi nan? Shi ya kai babban mutum gidan kaso da gaskiya tsagwaronta." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Bayan kamar shekara biyu, wata Juma'a mun dawo daga masallaci muna zaune a ƙasa za mu ci abinci, wayoyinmu suka fara ƙara kusan lokaci guda. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Sababbin lauyoyin ciyaman sun samo kwafin fasfona, wai wani ma'aikacin ofishin lauyan gwamnatin ne ya fitar da shi daga durowar. Alƙalai suka ce mai gabatar da ƙara yana riƙe da hujjar cewa babban shaidarsa ba ya ƙasar a ranar da ya ambata, ya ɓoye wa kotu, ya ɓoye wa wanda ake tuhuma, don haka shari'ar ta rushe. Ba su ce ciyaman bai saci taki ba. Amma wa ya tsaya sauraron wannan? Kafin la'asar ga bidiyonsa ya leƙo ta saman mota yana ɗaga hannu biyu, ana kiɗa, mata na guɗa. A cikin masu rakiyar na gane manoma uku da na san ba su ga ko buhu ɗaya ba a waccan shekarar.

Ba wanda ya ci abincin kirki a ɗakinmu ran nan. Kwana biyu bayan haka ƙanena ya turo mini hoton katangar gidanmu, an rubuta da gawayi cewa nan ne gidan mai shaidar zur. Babana da kansa ya ɗebo ruwa ya wanke. Har ya bar duniya bai taɓa yi mini maganar ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Na yi ta kiran lauyan, sai a kwana na huɗu ya ɗauka, na ce masa direba ne.

"Wane direba kuma?" in ji shi.

"Wanda ka kulle kwafin fasfonsa a durowa, ranka ya daɗe."

Sai ya ce, "Malam, ni abin da shaida ya faɗa mini shi na kai gaban kotu. In ka san ba ka ƙasar, me ya sa ka rantse?" Ya kashe wayar.

A da ni Alhaji ne mai shan lemo, yau na koma Malam. Na zauna a gefen katifa, wallahi da a gabana yake da sai an raba mu. An ce za a bincike shi. Binciken da aka yi shi ne an mayar da shi wata ma'aikatar, ofis ya fi na da girma. Da azumi na ga hotonsa ya zo Umara, sanye da harami, ya ɗaga hannu yana addu'a, ya karkato fuska yadda za ta fito da kyau. Ciyaman kuwa ya sake tsayawa takara, har yana kiran kansa wanda aka zalunta.

A Shumaisi ba wanda ya zage ni a fuska. Ana gaisawa, ana tambayar aiki, sai dai an daina aikowa a kira ni. Na ce wa kaina ai rigingimun ne suka yi sauƙi a unguwar.

Sai auren mutumin Maraɗi ya taso. Hutunsa bai zo ba, don haka a can gida za a ɗaura, yayansa ne wakili. Dangin amarya suka ce suna son maza biyu su ji wakilcin daga bakin ango, a gan su a waya su tabbatar. Abin da na sha yi wa mutanen da ko sunansu ban riƙe ba, balle shi. Ranar na yi wanka, na sa farar jallabiyata, na shafa turare. Ɗakin ya cika, malamin da yake ja mana salla ya zauna a tsakiya, aka kira Maraɗi, fuskokin dattawa suka bayyana.

"To, shaidu biyu adalai su matso," in ji malam.

Har na dafa gwiwa zan matsa. Malam ya dubi wanda ke damana ya kira shi, idonsa ya tsallake ni, ya kira wani tela da bai fi wata shida da zuwa ƙasar ba. Na juya na kalli ango. Shi kuma ya ƙura wa kafet ido yana tsince wani zare da ba ya nan.

Can sai ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, ni na yarda da kai, Allah ya sani. Amma dangin yarinyar suna jin rediyo."

Na sauke hannuna daga gwiwa. Ya miƙo mini wayar, ya ce don Allah in riƙe musu, hannuna ya fi na kowa tsayawa. Na karɓa, na koma bakin ƙofa na ɗaga ta yadda ango da malam da shaidun biyu za su fito sosai. Daga can Maraɗi wani dattijo ya ce hoton ya yi kyau, wa yake riƙe da wayar?

"Wani ɗan ɗakinmu ne," in ji ango.