A Mayar wa Mai Tsirkiya Makullinsa

Kullum kafin hantsi ya ɗaga za ka same shi a bakin kwata, ya goya hannuwa a baya, yana jiran in gama wankin farko. Ni mai wankin hanji ce, a kan wannan sana'ar na yi furfura. Shi kuwa Mai Tsirkiya muke ce masa, kuma ba don tukunya yake sayen hanji ba. Yakan tsoma hannu a bahona, ya ɗago guda ya haska a rana, ya ja shi tsakanin yatsu, ya mayar.

"Yaya, wannan ragon ya ci daɗin duniya. Hanjinsa malalaci ne."

"To, je ka tashe shi ka yi masa faɗa."

"Ba ni na ramammiyar tunkiyar can, wadda ta sha tafiya. Shi ke da jijiya."

Daga nan sai ya nufi gidan kiɗa na gari, inda yake da ɗan ɗaki a bayan dandamali. A gidan akwai wani ƙaton goge da makaɗa ke kira bas. A tsaye ake kaɗa shi, ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙugu. Tsirkiya huɗu gare shi. Biyu sirara, hanji ne zalla. Biyu masu kauri, hanji ne aka naɗe da wayar tagulla don su yi nauyi su yi gurnani. Mai Tsirkiya ke kankare hanjin, ya jiƙa a ruwan toka, ya murɗe, ya shanya, ya shafe da mai, ya naɗe na naɗewa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina gani.

Ban yi makaranta ba. Surukata ce ta riƙe alƙalami, na kuma ce mata kada ta kuskura ta yi wa maganata kwalliya.

Murɗa tsirkiya aiki ne, amma haɗa ta da 'yar'uwarta shi ne uwar aikin. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake kwana da kwanaki a kan abin da duk daga ciki ɗaya ya fito. Ya ce, "Yaya, matsalar tana wurin maƙwabtan nan biyu na tsakiya, inda zalla ta ƙare mai waya ta fara. In mai wayar ta cika tsiwa, zallar kuma ta cika kunya, makaɗi na tsallakawa daga wannan zuwa waccan za ka ji kamar mutum biyu ne ke magana. So nake a ji bakin mutum ɗaya." Ya ce kuma in ɗaya ta fi ja, sai ta karkatar da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyin ke hawa a kai. Don haka in ya sami huɗun da suka yarda da juna, sai ya ɗaure su da jan zare ya rataye a bango. Kowane ɗauri yana ce masa gida. Bangon ɗakin nan cike yake da gidaje.

Ku tambayi Dogo, makaɗin bas ɗin, yana nan da ransa. Shekarar da ƙofar mota ta datse masa yatsu, ya warke amma ya kasa danna tsirkiya. Har ya fara sallama da abokan aiki. Mai Tsirkiya ya kama hannun nan ya murza, ya sa shi ya matse masa yatsa don ya ji ƙarfin da ya rage, sannan ya haɗa masa gida mai laushi wanda hannun zai iya. A gabana Dogo ya ja baka a kansu, ya tsaya, ya ce, "Baba, ka mayar mini da abincina." Baban ya ce, "Rufe mana baki, ka shafa musu mai in ka gama."

Kai ne, Mai Tsirkiya, kake duba hannun mutum kafin ka duba gogensa. Kai ne ake tafa wa aikinka kana bayan labule kana wanke baho. Tushiya mafarin dawa. Ba ka taɓa toshe hanci a gabana ba, ba ka taɓa jin kunyar cewa daga kwata wannan sautin ya taso ba.

To, kunnensa ya yi nauyi. Gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Sai na ɗaga murya yake ji, ni kuwa dama muryar ba ta da wuyar ɗagawa. Da kwamitin gidan kiɗa suka lura, sai suka kira shi, suka miƙa masa agogon bango, suka karɓe makullin ɗakinsa. Shi ke nan, wai an sallame shi da girma.

Ni ban sani ba, sai da na ga safiya tana wucewa ba ya zuwa. Na ɗauki bahona na tafi gidan kiɗa. Dogo ya tare ni, ido jawur, ya sa aka buɗe mana ɗakin. Wallahi bangon nan wayam na tarar da shi. Sabon mai kula da kaya, mutumin kirki mai son tsabta, ya ga ɗaure-ɗaure a bango ya ɗauka hargitsi ne. Ya yanke jan zaren kaf, ya ware tsirkiyoyin cikin kwali huɗu: sirara wuri ɗaya, masu kauri wuri ɗaya. Tsaf-tsaf, gwanin kyau. Ya raba gidajen shekara talatin a yini guda. Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya gaya masa, domin mai gaya masan an kore shi.

Na wuce wurin shugaban kwamiti ko sallama ban tsaya yi da kyau ba. Ya ce, "Baba, ki kwantar da hankalinki. Mutumin da ba ya ji, yaya zai gyara sauti?"

Na ce, "Ɗana, ka taɓa shiga ka ga yadda yake aiki?"

Ya ce za su zauna a kai.

Tun da bai shiga ba, bari in faɗa. Mai Tsirkiya yakan ciji bakin tsirkiya da haƙori, ya miƙe ta, ya tsinka da yatsa, rawarta ta bi masa ta muƙamuƙi. In ya ɗaura ta, sai ya kwantar da haɓarsa a kafaɗar bas ɗin ya rufe ido. Haka yake yi tun yana jin faɗuwar allura. Kunnen ne ya tafi, haƙoran suna nan, na ga abin da suke yi wa ƙashi.

Da na je gidansa na ba shi labarin kwalayen, sai ya ce, "Bar su, Yaya. Amma mai wayar nan in ta bushe, hanjin ciki zai tsuke, wayar ta saki, ta fara kuka zuu kamar ƙuda. A dai shafa musu mai." Kun ji. An kore shi, shi ta man tsirkiya yake yi. Mutumin ya rame, agogon kwamitin na can jingine a bango ko rataye shi bai yi ba.

Na gode maka, ƙanena. Ka ɗauki abin da mutane ke kawar wa da kai, ka sa masu manyan riguna suna yin shiru don su saurare shi. Allah ya saka maka, ya bar maka haƙoranka. Ku kuma masu sana'a, ko wace iri ce, ku yi koyi da shi: kada ku haɗa abu biyu don kawai tsawonsu ɗaya, ku bari sai sun yarda da juna.

Ku kwamiti, ba roƙo na zo yi ba. Ba wanda zai iya mayar da gidajen nan sai wanda ya haɗa su, kuma tsirkiya ba ta jiran zamanku. Ranar Litinin zan riƙo hannunsa mu zo. In mun tarar da ƙofa a buɗe kun mayar masa da makullinsa, sai in yi muku godiya in koma kwata. In mun tarar da ita a garƙame, zan sauke bahona cike da hanji a bakin ƙofar da manyan baƙinku ke shiga, in shimfiɗa zane in zauna a rana. Ni na saba da warin tun ina budurwa. Sai mu ga wanda zai fara gajiya.