Ƙyallen da Ya Rage wa Runmei

Duk wanda ya san garin Zhoucheng ya san Runmei bahaguwa. Shekara arba'in da ɗoriya tana ƙofar gida da farin yadi a cinya, tana ɗinkewa tana tsuke zare har ya cukurkuɗe kamar hanjin akuya. In ta gama sai ta miƙa wa marina su tsoma a baba, wasu matan su warware, a loda a mota a yi gaba. Ita dai nata ƙulli. Ko ƙyalle ɗaya ba ta taɓa ajiyewa ba, don wa zai ajiye abin da zai kawo shinkafa?

Sai da jikarta Lanzhi ta yi ciki wannan sakaci ya tashi. Jariri sai da bargon gida ɗari, kowane gida ƙyalle guda, na tsakiya kuwa a danginsu daga hannun babbar uwa yake fitowa. Runmei ta bi gida-gida ta tara casa'in da tara. Saura nata, ga hannu na rawa, allura ta fi ƙarfinta.

Shi ya sa ta shiga kasuwa neman aikin kanta. Masu shaguna sun sha kallo. Tsohuwa ba ruwanta da ado, sai ta juya yadi ta baya, ta shinshina, ta bi hujin allura da yatsa. Baba na gaske da warinsa yake, hujin bahago kuma a karkace yake tafiya.

Rana ta huɗu ta faɗa shagon Defu mai tsofaffin kaya, mutumin da bakinsa ya fi kayansa kyau.

"Inna, saye za ki yi ko ci?" in ji shi, ganin ta kai wani labule hanci.

"In rinin kirki ne, ko na ci ba zai kashe ni ba." Yatsanta ya tsaya cak. "Wannan fa?"

"Kai, Inna, kin taɓo babba! Shekararsa ɗari da hamsin. Wadda ta ɗinka shi ko ƙashinta babu."

"Kayya, ashe na mutu ba a gaya mini ba."

Defu ya saki baki.

"Ɗaga shi ga haske, ɗana. Ƙirga hujin fiffiken malam-buɗe-littafin nan. Na dama tara, na hagu goma sha ɗaya. Uwata ta yi dukan duniya ban daina ba."

Ya ƙirga ɗaya, ya ƙirga na gaba, ya sosa ƙeya. Can ya naɗe labulen ya sa mata a kwando.

"Ɗauki, Inna, kyauta. Amma don girman kakanninki kada maƙwabta su ji."

A gida ta shanya shi a igiya ta ja baya. Na wasu ta sha gani, nata kuwa a ƙulle ta san shi, tun bai ga baba ba. Ashe haka malam-buɗe-littafan nata suke, farare tas a kan shuɗi, kowanne ya ɗan kwanta gefe kamar iska ta ture shi. Daɗi ya kama ta, haushi ma ya kama ta, na shekarun da ta yi ba ta leƙa ba.

Faɗin tafin hannu kawai bargon yake bukata. Ta riƙe almakashi har shayinta ya huce.

"Lanzhi, zo ki yanka, ni ba zan iya ba."

Lanzhi ta karɓa, ta kama gefen labulen.

"Tsaya tukuna," in ji Runmei. "Bari in ƙara kallo."