Ruwan da Don Anacleto Ya Ƙara wa Fili

Shekara talatin da ɗaya Don Anacleto Barrionuevo yana kula da babban filin tanis na kulob ɗinmu a Córdoba, kuma bai taɓa riƙe raket ba. Garin jan bulo ne aikinsa: ya baza, ya daidaita, ya share layuka, ya ba shi ruwa. Ni rumfar soya empanada, irin samosar nan tamu, gare ni a bakin ƙofa, na san shi kamar yunwar cikina. Mutum ne da in ka gaishe shi, takalminka yake fara dubawa.

Ba abin da yake ji da shi a duniya kamar Yamila Urquiza. A gabansa ta koyi wasa, har ta ɗauki kofin babbar gasarmu ta Fabrairu sau huɗu a jere. Wasanta na haƙuri ne, ta yi ta mayar da ƙwallo har abokiyar karawa ta gaji ta zubar. Irin wannan wasa jiƙaƙƙen fili yake so, inda ƙwallo ke nauyi. To duk ranar da za ta buga, sai tsohon nan ya ƙara wa filin ruwa fiye da ƙa'ida. Ni kaɗai na sani, ita kanta ba ta da labari.

Bana ta dawo daga Turai da sabon koci da sabon salo, bugu ɗaya biyu an gama, salon da busasshen fili yake so. Wa zai tsaya yi wa mai share fili bayani? Shi kuwa ya sha shayinsa na mate da safe, ya ja tiyo, ya yi abin da ya saba, har da ƙari don an ce za a yi rana.

Zagayen farko aka haɗa ta da wata Nélida Mamani daga Jujuy, wadda sai da alƙalin wasa ya duba takarda kafin ya kira sunanta. Yamila ta narka duka, ƙwallo ta sauka ta yi laƙwas, Nélida ta isa ta mayar. Awa uku ana haka, baƙuwa ta cinye. Mai allon sakamako har ya fara liƙa sunan Yamila a zagaye na biyu, sai da aka taɓa shi.

Don Anacleto ya zo rumfata, hula a hannu.

"Doña Herminia, me ya faru ne? Ruwan da na saba fa na ba shi."

"Ci empanada, tsoho. Ni ma kaina ya ɗaure."

Muna haka sai ga Nélida, ta kama hannunsa da hannu biyu. "Baba, an ce kai ne mai filin nan? Allah ya saka. Kamar don ni ka jiƙa shi."

Tana wucewa Yamila ta iso, safa duk jar ƙasa, ta zube a kan bencina.

"Don Cleto, yau famfon ne ya ƙi rufuwa? Ai da ka haɗa mana da kwalekwale."

Na yi ta ƙifta masa ido, amma ina. Bakin da ya shekara huɗu a rufe, ranar ya ga damar buɗewa.

"'Yar nan, ai kamar kullum na yi miki."

"Wane kullum?"

"Duk ranar wasanki mana. Tun kofin farko."

Tausayinsu su biyun ya kama ni, shi ya fi, don murmushi yake yi, godiya yake jira.

"Duka huɗun?"

Ya gyaɗa kai.

"To ni na ci su, ko kai?"

Ya juyo ya dube ni, wai ni in amsa. Na sunkuya ina juya abin da ya riga ya soyu. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Ba ta kai ƙararsa ba, yana nan kan aikinsa. Kullum ta zo atisaye tana gaishe shi da ladabi, Señor Barrionuevo take ce masa yanzu, ba Don Cleto ba. In ta wuce yakan zo ya tambaye ni laifin da ya yi.