Zare, Ƙusa ko Gam: Tambayar da Baban Hafsa Ya Tafi Ya Bari

A wannan watan maigidana, Baban Hafsa, wanda aka fi sani da Dakta mai tiyata, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama, domin wata biyu da suka wuce aka yi mini aikin da ya rasu yana jinkirta shi, kuma tun da na bar gadon asibiti nake ta muhawara da shi a zuci.

Haihuwar autarmu ce ta zo da gardama, sai da aka yanka ni aka ciro ta. Daga baya ɗinkin ya saki daga ciki, hanji ya samu kafa yana turowa ƙarƙashin fata. Ƙaba ke nan. Idan na kwanta ta koma, idan na yi tari ko na ɗauki bokiti ta fito. Da ɗamara nake zuwa makarantar da nake koyarwa, ina rubutu a allo da hannu ɗaya, ɗayan yana danne da ciki. Abokan aikina sukan yi mamaki, wai matar mai gyaran cikin mutane ce ke yawo da wannan abu. Ni dai sai in yi murmushi. Wanzami ba ya son jarfa, balle a jikin matarsa.

A lokacin bai daɗe da dawowa daga koyon tiyatar kyamara ba, wadda ba a tsaga ciki, sai dai a yi 'yan ƙananan kafofi, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, a shimfiɗa raga daga ciki ta toshe wurin da ya yage. Shimfiɗa ragar bai dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne da me za a kafe ta don kada ta goce. Ko a ɗinke ta da zare mai ratsa naman ciki, ko a buga mata wasu ƙananan ƙusoshi masu murɗa, ko a manna ta da gam na musamman. Ya ce kowanne da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓewa.

Muna zaune a unguwar Ɗan Iya, cikin Bauchi, a shekarun. Ranar Asabar da hantsi sai ya je kasuwar Wunti ya sayo tumbin saniya, ya shimfiɗa shi cikin kwali, ya yanko tsohon gidan sauronmu, ya yi ta ɗinki da dogayen ƙarafa yana leƙe ta wayarsa. In ya gama ya kira ni in ja ragar da ƙarfina, ya ga inda za ta fara saki. Tumbi nawa na yi asara wanda da farfesu ya kamata ya zama, Allah kaɗai Ya sani.

Ba kwalin ne ya fi tayar masa da hankali ba, mutanen da ke dawowa bayan an yi musu aikin ne. Akwai wata matar soja daga barikin Shadawanka da aka kafe wa raga da ƙusoshin ƙarfe. Ragar ta zauna daram, amma baiwar Allah ta kasa goya ɗanta, duk inda ƙusa take yana sukarta. Akwai kuma wani manomi da aka sassauta wa kafin ragar don gudun irin wannan ciwo. Ya tashi lafiya yana ta sa albarka, damina ɗaya ya yi da fartanya kumburin ya dawo. Ranar da ya ga mutumin nan, tuwon da na ajiye masa haka na ɗauke shi.

Wata rana na gaji na tambaye shi, to ni fa, sai yaushe? Sai ya ce:

"Maman Hafsa, ba zan miƙa cikinki a yi abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ki ƙara mini lokaci."

Na ce masa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ya ce gaggawa aikin shaiɗan ce. Haka muka yi ta jan zancen, shekara na bin shekara, har wata Laraba bayan la'asar ya fito daga ɗakin tiyata, ya zauna zai cire takalmi, zuciyarsa ta tsaya.

Bayan mun koma Gwallameji na ci gaba da ɗaure cikina, ban yarda kowa ya duba ni ba. Sai bana, ina shanya, ƙabar ta fito ta ƙi komawa, amai ya biyo baya. Hafsa ta tare keke ta kai ni asibiti. Wadda ta karɓe ni Dakta Rifkatu ce, 'yar kudancin jihar nan, wadda maigidana ne ya koya wa riƙe wuƙa. Ta lallaba ta mayar da hanjin, sannan ta gaya mini ƙarara cewa in ya sake maƙalewa ba lallai a samu wannan sa'ar ba.

Na yi mata tambayar da na gada: zare, ƙusa ko gam, wanne ya fi? Na zaci bayan shekaru bakwai an gano amsa.

"Mama, har yau ba a gama wannan gardamar ba," in ji ta. "Amma kafar da ke cikinki babba ce. Zan ɗinke gefuna da zare, tsakani in sa ƙusa mai narkewa. Za ki ji ciwo a wurin zaren, ba zan ɓoye miki ba. Na zaɓa miki ciwon da nake sa ran zai wuce, a kan ƙabar da za ta dawo."

Shi ke nan. Abin da ya gagari maigidana shekara da shekaru, ta yanke shi tana tsaye a bakin gado.

Tun daga ranar nake tunanin da zai leƙo Bauchin yau, me zai ce. Na san ƙusar nan da jiki ke shanyewa za ta burge shi, zai juya ta a tafin hannu kamar yaro da sabon abin wasa. Daga nan zai tambaya ko manomi zai iya sayenta, ransa ya ɓaci. Zai nemi yaran da ya koyar, a ce masa wane yana ƙasar waje, wance ma ta bi. Sannan zai juyo kaina ya ga tabo uku ƙanana. A nan tunanin nawa yake tsayawa. Ban sani ba ko zai ce Rifkatu ta yi daidai, ko zai ce da an ƙara jira. Wani lokacin nakan ce so ne ya ɗaure masa hannu, wani lokacin in ce tsoro ne, in ji haushinsa ya taso mini sabo fil, sai kuma in tuna cewa ita ba mijina ba ce, shi ya sa hannunta bai yi rawa ba.

Yanzu na ajiye ɗamara. Idan na yi ruku'u, akwai wuri ɗaya a hagu da yake ja na. Ko zai daina, ko ragar za ta riƙe, an ce sai shekaru sun nuna. Makon jiya na roƙi Rifkatu ta sallame ni haka nan, tun da rauni ya warke, na gaji da hanyar asibiti. Ta ƙi. Ta ce za ta ci gaba da ganina har baɗi da bayan baɗi, domin wanda ya koya mata aiki bai taɓa yarda cewa warkewar fata ita ce ƙarshen tiyata ba.

Na fito na tsaya a bakin titi, keke biyu suka wuce ban tare su ba. Maigidana bai bar wani asibiti mai sunansa ba, bai kuma bar amsar tambayarsa ba. Rashin sukuninsa ya bari a hannun wata, kuma ga shi ya kamo ni. Allah Ya ba shi hutun da bai ba kansa ba.