Rigar Magulmaciya

Duk layinmu a Izbat al-Burg babu wanda bai san muryar Ummu Ragab ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun ina amarya, don haka in na ce matar nan ko a barci magana take, ba sharri na yi mata ba. Allah da ikonsa sai ya haɗa ta da Rayyis Garib, mai jirgin kamun kifi, mutumin da in ya ce "to" da safe, ya gama maganar ranar. Ta zuba masa abinci, ta zuba masa labarin unguwa, shi kuwa sai gyaɗa kai yana zare ƙayar kifi.

A kan kabad ɗin falonta akwai wata tsohuwar baƙar rediyo da ƙaninta ya kawo mata daga ƙasar Girka. Ba ta kama waƙa, ba ta kama labarai. Aikinta bin tashoshin da masu jirage ke hira da juna a teku: in ta ji murya ta tsaya, in aka yi shiru ta ƙara gaba. Saurare kawai ake yi da ita, ba a mayar da magana. Mu matan layi muka raɗa mata suna Magulmaciya.

A cikinta Ummu Ragab ta gano ashe mijinta yana da baki. Da jirgi ya bar bakin kogi sai Rayyis ya zama wani mutum daban. Ya tsokani abokai, ya zagi injinsa, ya rera waƙa da muryar nan tasa mai kama da jan buhu a ƙasa. Kuma kullum sai ya sako ta a zance: "Ku har kun san shinkafa? Ku ci ta uwar Ragab, wadda albasarta ta soyu ta yi ja, sannan ku yi magana." A gida kuwa ko sannu bai taɓa ce mata ba. Sai ta zauna gaban rediyon ta yi tagumi tana murmushi, ni kuma in samu barcin rana.

"Ummu Samah, kada ki kuskura ya sani," haka take ja mini kunne. "Shi a zatonsa labarin iska nake saurare. In ya gane ina jin sa ya kama bakinsa, na shiga uku."

Mu nan ko talabijin sai mun yi masa mayafi, balle Magulmaciya. Ta ɗinka mata riga ta karammiski, ta cusa auduga saboda danshin teku, ta maƙala shuɗin dutse maganin baki. Duk Juma'a kuma ta ɗora mata kaskon turaren wuta a ka.

Bana idon Rayyis ya soma gazawa. 'Ya'ya suka matsa, ya yarda fita ɗaya ta rage masa, daga ita zai miƙa wa ɗansa Ragab jirgin ya zauna a gida. Wato daga wannan fitar, ita da jin waccan muryar har abada. Da safen da ya tafi ta haɗa shayinta, ta gyara zama, ta kunna. Sai ji ta yi fat, ƙaurin roba ya tashi, rediyo ta yi tsit.

"Ummu Samah! Ta mutu!"

Na fito ba takalmi, na ɗauka surukarta ce. Muka naɗe gawar a bargo, muka nufi shagon Usta Milad mai gyaran rediyo a bayan kasuwar kifi. Usta mutum ne da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ko ranar da gobara ta kama maƙwabcinsa sai da ya shanye shayinsa.

"Usta, ka rufa mini asiri, yau nake son ta."

"Kowa yau yake so, Hajiya." Ya ɗaga rigar da yatsa biyu. "Wannan fa? Gidan miji za a kai ta?"

"Sanyi nake kare mata."

"Kin ga ramukan nan na bayanta? Hancinta ke nan. Wuta tana shigowa daga bango da ƙarfinta, a nan ciki ake rage ta, wurin kuma zafi yake ɗauka. Ke kin toshe mata hanci, kin ɗora mata garwashi a ka."

"Turare ne! Maganin baki!"

"To, gaskiya baki bai kama ta ba. Dahuwa ta yi."

Ya kwance murfin. Fis ya ƙone ƙurmus, wasu 'yan gwangwanaye biyu masu tara wuta sun kumbura, ɗaya har ya yi yoyo. Ummu Ragab ta kai gefen mayafinta za ta share ƙura, ya buge mata hannu.

"Bar nan! Ko an zare ta daga bango waɗannan sukan riƙe wuta. Ki bari ni ta kama, na saba."

Abin ya ɓata mata rai, sai ta koma kare rediyonta. "Ka dai yi mata a hankali. Shekara da shekaru ko tari ba ta taɓa yi ba, kulawata ce ta kai ta haka."

Usta ya yi dariya har tabarau ya zame masa. "Kulawarki? Hajiya, wannan dalmar hannuna ce. Wannan ma. Taransfomar nan ni na canja ta bara waccan. Duk sanda kika tafi Damyat wajen 'yar'uwarki, Rayyis yakan shigo da ita a buhu, ya ce in duba ta kafin ki dawo, in mayar mata da rigarta yadda take. Na ce ya gaya miki ki cire rigar, ya ce in ya yi maganar rediyo za ki gane ya san..." Sai ya dafe baki. "Kash. Ya ce kada in faɗa."

Tunda nake ban taɓa ganin Ummu Ragab ta rasa abin cewa ba sai ranar. Ta zauna a kan wani mataccen talabijin, bakinta a buɗe. Ashe duk waƙar nan da yabon shinkafa, mutumin ya san wa yake yi wa. Ni kam kishi ne ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Nawa mijin surutu kamar ya ari baki, amma ko fitilar ɗaki bai taɓa gyara mini ba.

Can sai ta zabura ta miƙe. "To ka tsaya kallona? Gyara mana!" Usta ya tono gwangwanaye daga cikin wata tsohuwar rediyo, ya auna su da mita, ya narka dalma ya liƙa, ya sa sabon fis. Ita tana kansa, tana ce masa hannunsa na rawa. Da ya jona, aka ji shuuu, lambobi suka soma gudu, sai ga muryar Rayyis yana zagin injinsa tun daga kakanni. Ta rungumi abarta tsirara ta yi gida, ta bar mini rigar a hannu.

Da Rayyis ya dawo ya ci abinci kamar kullum. Ya dubi rediyon ba riga, ya dube ta, ya ci gaba da zare ƙaya. Ita ma ta ci gaba da zuba masa labarin unguwa. Amma na ga tana share rediyon da daddare, irin sharar abin da aikinsa ya ƙare, kuma tausayinta ya kama ni.

Washegari bayan la'asar ya ɗauki hularsa ya fita. Ya tafi tashar jirage, ya shiga jirgin da ke ɗaure a bakin ruwa, ya zauna gaban rediyon jirgin. Ina tsinke ganyen miya a falonta sai Magulmaciya ta yi gyaran murya.

"Ko akwai mai ji, ko babu," in ji Rayyis. "Shinkafar jiya gishiri ya so ya yi yawa. Amma na cinye, kuma da an ƙaro da na ci."

Ummu Ragab ta goge ido da bayan hannu. Rediyon dai ba ta mayar da magana, amma matar nan ba ta taɓa buƙatar waya ba. Ta bankaɗe tagar da ke kallon ruwa, ta cika ƙirji.

"To ka dawo gida mana, ga saura nan a tukunya!"