Sandar Fatsar Kawu Kisten

Shekara talatin da takwas Kisten Veerasamy ya yi yana sayar da kayan fatsa a wani shago a Durban, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa jefa ƙugiya cikin teku ba. Ranar da ya zo neman aikin yana saurayi, mai shago ya tambaye shi ko yana zuwa fatsa, shi kuwa aiki yake so, sai ya ce sosai ma. Daga nan maganar ta bi shi. Asabar da Lahadi da mutane ke bakin ruwa, shi yana bayan kanta. Da aka kai shekara goma kuma, ina zai kai fuskarsa ya ce a koya masa?

Abin da ya cece shi kunne ne. Masu fatsa ba su iya riƙe bakinsu ba, kowa ya shigo sai ya zazzage abin da ya kama da abin da ya kuɓuce masa, Kisten yana gyaɗa kai yana adanawa. A hankali ya zama Kawu Kisten, wanda ake turo wa duk mai neman sandarsa ta farko.

"Kai sabon shiga ne, kada tsawo ya ruɗe ka," haka yake cewa. "Ɗauki mai ƙafa goma sha biyu. Kwarkwaron zare kuma ɗauki mai sauƙi. Wancan mai juyawa sai wanda babban yatsansa ya san aiki, in ba haka ba zai dagule maka zare ka koma gida kana zagina."

Kuma shawarar tasa ba ta faɗuwa ƙasa banza, wannan dole a ba shi. Matarsa Salachi kaɗai ta san gaskiya. In ya dawo gida takan ajiye masa shinkafa da miyar wake ta ce, "Yau kifi nawa aka kama da baki?" Ya yi murmushin yaƙe ya ci abincinsa.

Ranar da ya ajiye aiki, tsofaffin masu ciniki suka cika shagon. Mai shago ya ce ya zaɓi duk sanda da kwarkwaron da ransa ke so, kyauta. Hannun Kisten ya nufi mai ƙafa goma sha biyu, sai Bheki Shezi, wani direban bas da ya yi shekara ashirin yana sayayya a wurinsa, ya daka masa tsawa cikin wasa.

"Haba Kawu! Wannan ai ta 'yan koyo ce. Ko so kake ka raina mana hankali?"

Kisten ya janye hannu kamar ya taɓa tukunya mai zafi. Ya ɗauko zungureriyar sanda da kwarkwaro mai juyawa, wanda ya yi shekaru yana hana sababbi. Aka tafa masa. Shezi ya ce ranar Asabar kowa ya fito, a ga jifan maigida da ido.

Safiyar Asabar mutum kusan ashirin suka hallara a kan rairayin bakin teku, wasu da matansu, an zo da tukunyar abinci. Lokacin kifin shad ne, ruwa ya kwanta, ba iska, ba wani abin da mutum zai fake da shi. Kisten ya sa guntun kifin sadin a ƙugiya, ya ɗaure shi tsaf, wannan kam ya nuna wa dubban mutane a kan kanta. Ya tsaya yadda ya sha faɗa wa wasu su tsaya. Ya waina sandar ya saki.

Darmar da ke bakin zaren ta faɗi taku biyar a gabansa, ko kumfar ruwa ba ta kai ba. Kwarkwaron ya ci gaba da gudu, ya ƙone masa yatsa, zaren ya tashi ya cukurkuɗe.

"Waye ya naɗa wa Kawu zaren nan?" in ji Shezi. "Aikin banza ne, ba a ɗame shi ba."

Wasu suka ce ƙwarai, laifin naɗi ne. Ga ƙofa an buɗe masa, amma kunyar ta kai masa iya wuya, ya gaji.

"Ni na naɗa," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Jama'a, ban iya ba. Ban taɓa yi ba. Yau ne karon farko."

Shezi ya dube shi, sai ya tuntsire da dariya har yana dafa gwiwa, sauran suka ɗauka.

"Kai Kawu, ba ka da dama! Kai da ka koya mini? To ni ma ban taɓa tuƙa bas ba!"

Suka karɓi sandar suna warware zaren suna maimaita maganar, wai tsohon nan akwai barkwanci. Kisten ya tsaya da yatsa a baki. Ya faɗi abin da ya yi shekara talatin da takwas yana ci masa rai, ba wanda ya karɓa. Salachi tana kusa da tukunya, ta sunkuyar da kai tana ta juya miyar da ba ta buƙatar juyi.

Ranar Litinin ya koma shagon da sassafe, kafin mai shago ya iso. Wata budurwa ce aka sa a gurbinsa, ba ta san shi ba.

"'Yata, sandar ɗan koyo nake so, da kwarkwaro mai sauƙi."

"To Kawu. Na jikanka ne? Shekararsa nawa, in san tsawon da zan ba ka?"

Ba kowa a shagon sai su biyu. Kisten ya buɗe baki, ya dubi ƙofa, ya dubi yarinyar.

"Goma sha ɗaya," ya ce.

Ta miƙo masa 'yar gajeriyar sanda shuɗiya. Ya san ba za ta kai ƙugiya bayan igiyar ruwa ba, amma ya biya, ya yi godiya, ya fita da ita a hammata.