Tambarin Da Na Cire a Hannun Kwat

Ranakun aiki da yawa sun shige ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma akwai wata Laraba ta watan Oktoba da har gobe ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina shekara ta shida a wannan ɗakin ɗinki namu na unguwar Jamaica, a yankin Queens na birnin New York, kuma ni ne mai yanka. Ga wanda bai san tsarinmu ba, kayan wasan kwaikwayo muke ɗinkawa muna gyarawa ga ƙananan ƙungiyoyin da ba su da telolin kansu. A sama akwai shugabar ɗaki, a wancan lokaci Hajiya Rakiya ce, 'yar zangon Kumasi, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Daga ita sai mai yanka, sannan masu ɗinki. Duk tufar da ta shigo da katinta take zuwa, an rubuta sunan wanda zai sa ta da abin da za a yi mata. Abin da kati ya ce shi ake yi, ba ƙari ba ragi.

Ni kuwa a Fagge na koyi sana'a, wajen wani dattijo da ya yi suna a ɗinkin kwat tun zamanin da ma'aikatan banki da na reluwe ke layi a shagonsa. Da wannan girman kai na sauka a Amurka. A ganina duk faɗin birnin nan babu wanda zai koya mini yadda kwat take zama a jikin mutum.

Ranar Litinin ta wannan mako wata Basiniya ta kawo mana kaya, Madam Lin, mace mai kamar shekara hamsin. Ita ta rubuta wasan, ita ce kuma darakta, za a fara nuna shi ranar Asabar a wani ƙaramin zaure a unguwar Flushing. Hajiya ta tambaye ta a kan me wasan yake, ina daga bakin teburina ina ji da kunne ɗaya. Ta ce labarin wani ma'aikacin gidan waya ne a wani ƙaramin gari a ƙasar Sin, a shekarun da ƙasar ta fara buɗe ƙofa kayan Turawa suna shigowa. Ta ce a rubuce-rubucensu na zamani mutum mai kwat tsohon baƙo ne, ya fi shekara ɗari yana yawo a littattafansu. Wani marubucin ya mai da shi abin dariya, mai shan kofi yana yamutsa fuska, wani kuma ya mai da shi mai hangen nesa da ya dawo daga karatu a waje da magani a hannu. Har ta yi dariya ta ce shi kansa irin wasan da take yi, na hira zalla a kan dandamali, daga Turawa suka aro shi, don nasu na gargajiya da waƙa ake yi da fentin fuska. Na ce a raina, ashe su ma suna da nasu ɗan bokon.

A cikin kayan akwai wata kwat mai ruwan toka da wandonta, a jakarta daban. Katinta ya ce a rage tsawon wando, a matse ƙugu. Shi ke nan. Ranar Talata da na shimfiɗa ta a teburi sai na ga ɗan ƙyalle a bakin hannun hagu, ta waje, da sunan wani kamfani da haruffan Turawa. Duk wanda ya san kwat ya san wannan tambari na kanti ne, ana sayen riga ake cire shi. Maigidana na Fagge yakan ce barinsa ƙauyanci ne, kamar ka fita unguwa da farashi a wuyan riga. Ban yi shawara da kowa ba na ɗauki reza. Abin da ya kamata ya tsayar da ni shi ne wahalar da na sha. Na kanti da zare huɗu ake maƙala shi, taɓawa ɗaya ya faɗo. Wannan kuwa an bi shi da ɗinki ƙanana ta kowane gefe, sai da na yi kusan minti goma ina tsintar zare ina tsaki. Na jefa shi a buhun ƙyallaye, na goge wurin, na rataye kwat ina jin na yi wa matar nan alheri.

Laraba da safe Madam Lin ta zo gwaji tare da ɗan wasan da zai sa kwat ɗin. Ya sa, ya tsaya gaban madubi, ina jiran yabo. Sai na ga ta kama hannun rigar ta juya shi, ta duba na dama, ta sake komawa na hagu. Ba ta ɗaga murya ba. Cikin Turanci ta ce, "Ina tambarin?"

Na ce na cire, ai ba a barinsa.

Ta nemi kujera ta zauna. Ta ce kwat ɗin ta mahaifinta ce, marigayi, kuma wasan labarinsa ne. A zamaninsa, a garinsu, mutum ba ya cire wannan tambari, don shi ne shaidar cewa rigarka daga waje ta zo, har ɗan tambarin da ke kan gilashin tabarau ba a ɓare shi. Ta ce da wannan kwat ya zo New York ranar da ta gama jami'a. A bakin zauren biki ta ji kunyar abokan karatunta, ta roƙe shi ya bari ta cire. Sai kawai ya tuɓe rigar ya rataya a hannu, ya wuni a haka cikin iska. Ta ce, "Kashi na biyu na wasan gaba ɗaya a kan wannan ɗan ƙyalle yake. Zan iya sa a buga wani. Amma ba don wani tambari daban na rubuta wasan ba."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba a sana'a. Abin da ta roƙi ubanta ya hana ta, ni baƙo na zo na aikata da reza a kyauta.

Hajiya ta juyo da Hausa, a hankali, ta ce, "Malam Lawal, kati ya ce a taɓa hannu?"

Na ce, "Bai ce ba, Hajiya."

Ta ce, "To garin neman gira ka tsone ido. Masu karɓar ƙyallaye don sake sarrafawa sha biyu suke zuwa kwashe buhuna. Yanzu goma da kwata. In abin nan ya fita daga ɗakin nan, ni ban san me zan gaya wa matar nan ba, kai ma ban san me zan gaya maka ba."

Buhu uku ne a lungu, kowanne ya kai ƙirjina. Muka share tebur biyu, na zazzage na farko, masu ɗinki suka bar kekunansu suka zo taya ni. Ƙyalle ɗaya ɗaya muke ɗagawa muna girgizawa. Madam Lin ma ta naɗe hannun riga ta shiga, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A tsakiyar buhu na biyu, sha biyu saura kwata, na gan shi manne da wani guntun karammiski. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har ɗan wasan ya firgita.

Madam Lin ta karɓa ta riƙe shi a tafin hannu. Sannan ta tambaye ni ko zan iya mayar da shi daidai yadda kamfanin ya ɗinka. Karambani ya riga ya ja mini sau ɗaya, amma tambaya ce ta sana'a, kuma ba zan yi ƙarya a kanta ba. Na ce, "Madam, ba kamfani ba ne ya ɗinka shi." Na nuna mata ramukan allura a gefen tambarin, jeri biyu ne, wato an taɓa ciro shi daga jikin wata rigar kafin a sa a wannan. Na juya kwat ɗin ta ciki na nuna mata shafi. Ɗinkin keken ƙafa ne irin na gida, ramukan maɓalli kuma da hannu aka yi su. Aljihun ƙirji ma na ado ne, ba ya buɗewa, alamar mai ɗinkin a hoto ya ga kwat, bai taɓa riƙe ta a hannu ba. Na ce, "Amma ko wane ne, gwani ne. Ni da na koya wajen masana ban isa in zaunar da kafaɗa haka daga kallon hoto ba."

Na zaci na ƙara ɓata lamari. Ta ce duk rayuwarta ta ɗauka babanta ya zubar da gumin watanni ne a kan rigar Turawa don a gan shi, kuma haka ta rubuta shi. Ta fita waje da wayarta.

Bayan la'asar ta dawo da mahaifiyarta, wata 'yar tsohuwa mai sanda da ke zaune tare da ita a Flushing. Na gaishe ta na ba ta kujerata. Ba ta jin Turanci, 'yar ce ke fassara mana. Tsohuwar ta shafa kafaɗar kwat ɗin ta ce ita ta ɗinka. A bangon wata mujalla ta ga hoton wani Bature, ta yi wata biyu tana gwadawa da takardar jarida kafin ta kuskura ta sa almakashi a yadi. Tambarin kuma a kasuwar gwanjo ta samo shi, a jikin wata rigar da asu ya cinye. Madam Lin ta tambaye ta da yarensu me ya sa ba ta taɓa faɗa mata ba, sannan ta juyo mana da amsar tana dariya tana share ido: "Wai babana ya ce kada ta faɗa wa kowa, ni ma kuma kowa ce."

Na zura zare a allura zan fara, sai tsohuwar ta miƙo hannu. Na ba ta. Idonta ya yi rauni, sai 'yar ta durƙusa ta riƙe mata bakin hannun rigar kusa da fitila, ita kuma tana lalubar tsoffin ramukan da ɗan yatsa tana bi ɗaya bayan ɗaya. Aikin minti biyar ya ci rabin awa, babu wanda ya tayar da keke a ɗakin har ta ciji zaren.

Ranar Asabar na je kallon wasan. Da yarensu aka yi, ban ji ko kalma ba. Amma na ga a ƙarshen kashi na biyu an ƙara abin da babu shi a da: wata mace a gefen dandamali, ita kaɗai, tana taka keken ɗinki.

Ga abin da nake so ku ɗauka, ku da kuke tasowa a sana'ar nan. Ɗinki yana magana. In ka ga an bi abu da allura ta kowane gefe, wanda ya yi yana gaya maka a bar shi ne, sai ka ajiye reza ka yi tambaya. Na kuma daina saurin yi wa mutum dariya don na gan shi da kayan aro, don gwano ba ya jin warin jikinsa, mu ma da muke barin leda a kujerar sabuwar mota shekara guda ba mu da bakin magana. Na shekara talatin ina kallon kwat ta waje ina yanke wa mai ita hukunci. Tun daga ranar, kowace aka kawo mini sai na fara juya ta ciki, in ga hannun wa ke wurin.